La'adar dillalin salula: a sa mata iyaka tun annoba ba ta dawo ba

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar motar Junju, garin da takardun hukuma ke rubutawa Dioundiou, ya san waɗanda ke fara tarbar baƙo: mai shayi da teburinsa, mai ƙosai da kaskonta, da mai tuwo-tuwo wadda ta ɗora tukunya tun da asuba. Waɗannan bayin Allah ba su da ofis, ba su da albashin ƙarshen wata, jarinsu kuwa bai wuce na kwana biyu ko uku ba. Amma su ne ke ciyar da direba da yaron mota, da malamin makaranta da aka turo daga nesa, da fataken da ke zuwa sayen rake da rogo a fadamun Dallol Mawri. Ribar tukunyar nan ce ke sayen littafin yaro da maganin zazzaɓi a gidaje masu yawa. Saboda haka duk wanda zai shiga tsakanin mai dafa abinci da mai cinsa, ya kamata a san abin da zai ɗauka, a kuma san inda zai tsaya.

Gundumar Junju, wadda aka cire daga ta Gaya a shekarar 2011 da komin uku, watau Junju da Karakara da Zabori, tana jingine da iyakar Nijeriya, hanyar Benin kuma ba ta da nisa da ita. Arzikin irin wannan wuri yana bisa zirga-zirga. Ran da mota ta daina shiga da fita, tukunyar tasha ce ke fara yin sanyi. An ga haka har sau uku cikin shekara biyar. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ƙofar Kamba kuwa ba a sake buɗe ta ba sai a watan Afrilu na 2022. A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa an rufe iyakokin Nijar. A ƙarshen watan Yuli na 2023 takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya tsai da motocin da ke tasowa daga Kwatano, gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil kuma ta ci gaba da zama a rufe har bayan da aka ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024.

Abin da ya faru a 2020

Ranar 19 ga watan Maris na 2020 aka ba da sanarwar mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Nijar. A cikin kwanakin nan aka rufe iyakoki ga matafiya, ban da motocin kaya, aka rufe makarantu, aka hana taro. Ranar 27 ga watan aka kafa dokar ta-ɓaci ta kiwon lafiya, aka hana yawon dare a Yamai, aka kuma killace birnin daga sauran jihohi har tsakiyar watan Mayu. Makarantu ba su koma ba sai ranar 1 ga watan Yuni. Iyakokin ƙasa kuwa sai ranar 17 ga watan Yuni na 2021 aka buɗe su ga matafiya, watau bayan wata 15.

Gwamnati ta lokacin ta ɗauki nauyin kuɗin wuta da na ruwa na ƙananan gidaje na watan Afrilu da na Mayu, ta kuma sassauta haraji ga otel-otel da masu sufuri. Wannan taimako ne na gaske, sai dai yakan isa ga wanda ke da takardar wuta ko takardar lanho. Matar da ke sayar da shinkafa a bakin makaranta, ko a gindin bishiyar tasha, ba ta cikin kowane rajista. Abin da kawai ta sani shi ne masu ciniki sun ɓace, mai shinkafa da mai itace kuwa suna jiran kuɗinsu.

A manyan biranen duniya masu gidajen abinci sun shiga wannan hali, amma da wani ƙarin nauyi. A Amurka, da aka hana mutane zama cin abinci a waje a watan Maris na 2020, ɗaya daga cikin ƴan ƙofofin da suka rage ita ce a kai wa mutum abinci har gida. Wannan ƙofa kuwa tana hannun wasu ƴan kamfanoni kamar DoorDash da Uber Eats da Grubhub. Aikinsu yana tafiya ne ta manhaja, watau wani tsari da ake sa wa cikin salula. Mai jin yunwa ya duba jerin gidajen abinci, ya zaɓi abin da yake so, ya biya ta salular, kamfani ya tura mai babur ko mai keke ya ɗauko ya kai masa. Bayan haka kamfani ya cire rabonsa daga kuɗin abincin, ya aika wa mai dahuwa saura. Rabon nan yakan kai kashi 30 cikin 100. A Hausance, wannan dillali ne, abin da yake cirewa kuma la'ada ce.

Lissafin kwano ɗaya

Kowa ya yi wannan lissafi da kansa, a misali. Ga kwanon shinkafa da miya da nama na jika ɗaya, watau dala 200. A ce shinkafa da mai da nama da kayan miya da itace da ruwa da ladan mai wanke-wanke sun cinye dala 150. Ribar mai dahuwa dala 50 ke nan. In dillali ya ɗauki kashi 30 cikin 100, ya tafi da dala 60. Ribar ta ƙare, an kuma yanki dala 10 daga jari. Kowane kwano da aka sayar yana ƙara rami, mai dahuwa tana murna da yawan ciniki alhali jarinta na zurarewa. In kuwa la'adar ta tsaya a kashi 15, dillali ya ɗauki dala 30, ita ta tsira da dala 20. Ba ta yi arziki ba, amma gobe za ta iya komawa kasuwa.

Irin wannan lissafi ne ya sa hukumomin birane suka tashi. A watan Afrilu na 2020 birnin San Faransisko da na Siyatil suka hana kamfanonin karɓar fiye da kashi 15 cikin 100. A watan Mayu majalisar birnin Niyok ta sa kashi 15 don kai abinci da kashi 5 don sauran hidimomi. Wasu birane da yawa suka bi sahu. A ƙasar Sin ma, a watan Fabrairu na 2022, hukuma ta nemi kamfanonin kai abinci su rage abin da suke karɓa daga gidajen abinci. Ba a banza aka yi haka ba: a shekarar da masu dahuwa ke rufe ƙofofinsu, kuɗin da kamfanin DoorDash ya samu ya tashi daga dalar Amurka miliyan 885 a 2019 zuwa kusan miliyan 2,900 a 2020. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Waɗannan hukumomi sun yi daidai, kuma dalilin a fili yake ga duk wanda ya san kasuwar karkara. Dillali ba abokin gaba ba ne. Shi ke haɗa mai tunkiya da mai saye, shi ke shaida ciniki, shi ke tsayawa in rigima ta taso, la'adarsa kuma halaliyarsa ce. Amma abu biyu ne ke riƙe da shi a kara ko a kasuwar hatsi. Na farko, kowa ya san abin da al'ada ta yanka masa, a gaban jama'a yake karɓa. Na biyu, in ya cika haɗama, mai dabba ya ja igiyarsa zuwa wurin wani. Annoba ta tsinke waɗannan igiyoyi biyu. Mai dahuwa ba ta da wurin zuwa, tun da doka ta hana masu ciniki zama a rumfarta, dillalan kuwa ba su fi uku ko huɗu ba, farashinsu kusan ɗaya. Tun da dokar hukuma ce ta rufe wa mai dahuwa ƙofarta don kare lafiyar jama'a, haƙƙin hukuma ne ta hana a sayar mata da ƙofar da ta rage a kan kuɗin da aka ga dama.

Inda gizo ke saƙa

Duk da haka, wanda zai kwaikwayi wannan doka ya kamata ya san yadda ta ƙare. Birnin Shikago ya sa tasa iyakar a watan Nuwamba na 2020. Wata bai cika ba kamfanin DoorDash ya ɗora wa masu saye ƙarin dalar Amurka ɗaya da rabi a kan kowane aike, har ya laƙaba wa ƙarin sunan birnin. Abin da aka hana shi cirewa daga aljihun mai dahuwa, ya ciro daga aljihun mai ci. Bayan haka wani bincike da malaman jami'a biyu na Amurka suka yi ya nuna cewa a biranen da aka sa iyakar, ƙananan gidajen abinci sun samu raguwar ciniki ta manhaja, manyan kamfanonin abinci masu rassa da yawa kuma suka samu ƙari. Dalili shi ne manhajar ta riƙa tura ƙananan can ƙasan jeri, inda ido ba ya kai wa. Dillalin da aka rage wa la'ada bai ƙi aiki ba, sai dai ya daina kiran sunan mai kayan.

Birnin Niyok ya mai da dokar ta dindindin a watan Agusta na 2021. Wata guda bayan haka manyan kamfanonin uku suka kai ƙara kotu. Aka yi ta ja har shekarar 2025, inda majalisar birnin ta sassauta: ta bar hidima ta asali a kan farashi mai iyaka, ta kuma yarda a karɓi ƙari daga wanda ya nemi ƙarin hidima da kansa. Kusa da gida kuma akwai wani darasi. A watan Disamba na 2023 kamfanin Jumia ya rufe sashensa na kai abinci a Nijeriya da wasu ƙasashe shida, kamfanin Bolt ma ya janye nasa daga Nijeriya a cikin watan. Ba wata doka da ta kore su, lissafi ne ya ƙi. Man babur da ladan mai tuƙi da gyaran manhaja duk kuɗi ne. In aka matse la'ada har ta kasa biyan waɗannan, dillali ya naɗe tabarmarsa, mai dahuwa ta rasa hanyar baki ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, faɗin adadi kaɗai ba ya isa. Dokar da aka rubuta cikin gaggawa, tsakiyar annoba, ta toshe rami ɗaya ta bar uku a buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mene ne ruwan Junju da wannan?

Mai karatu yana iya cewa manyan kamfanonin nan ba su zo Junju ba, ba su ma zo Doso ba. Gaskiya ne. Amma rabin aikin ya riga ya iso. Salula tana hannun mai tuwo-tuwo, ɗan kabu-kabu yana bakin tasha, kuɗi kuma suna tafiya ta waya daga gari zuwa gari. A Yamai an saba ganin masu kai abinci gida bisa babur, ana kiransu ta salula ko ta WhatsApp. Abin da ya rage shi ne wani mai jari ya haɗa waɗannan uku cikin manhaja ɗaya, ya tsaya a tsakiya. A Legas haka ya faru: kamfanin Chowdeck da aka kafa a 2021 ya bazu zuwa wasu biranen Nijeriya cikin ƴan shekaru. Abin da ya kama kasuwa a ƙetaren iyaka kuwa ba ya daɗewa bai tsallako ba, kamar yadda babur ɗin haya ya tsallako.

Zuwan wannan aiki ba abin gudu ba ne. Tun da daɗewa ƴan mata masu talla ne ke kai abinci daga murhu zuwa bakin mai ci, da tire a ka, a lokacin da ya kamata suna aji. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da dokar da ke kare karatun ƴaƴa mata, amma uwar da ba ta da wanda zai kai mata fura kasuwa za ta ci gaba da tura ɗiyarta. In saurayi mai babur ya ɗauki wannan aiki a kan lada sananne, shi ya samu sana'a, yarinya ta samu makaranta, uwa ta samu ciniki. Sharaɗin kawai shi ne kada ladan ya cinye ribar tukunya.

Sa hannun hukuma cikin farashi kuma ba baƙon abu ba ne a Nijar. Tun 1970 aka kafa ofishin OPVN, wanda ke fitar da hatsi a farashi mai rahusa lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Hukuma ce ke yanka farashin man fetur, ita ce ta saukar da litar zuwa sefa 499 a watan Yuli na 2024. Wanda ya yarda a sa wa buhun hatsi da litar mai ido ba zai rasa hujjar sa wa la'ada ido ba.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, ma'aikatar ciniki ta tanadi ƙa'ida tun yanzu, lokacin da ba wanda ke cikin firgita. Duk mai shiga tsakanin mai dafa abinci da mai saye ta hanyar salula ya rubuta la'adarsa a fili, kashi nawa cikin 100, da Faransanci da harsunan ƙasa, kamar yadda mai aika kuɗi ke sanin abin da za a cire masa tun bai miƙa kuɗinsa ba. Duk wani cire-cire da ba ya cikin takardar ya zama haram a doka.

Na biyu, ƙa'idar ta faɗi iyakar da za ta fara aiki da kanta a ranar da aka kafa dokar ta-ɓaci ko aka rufe iyaka, ta kuma faɗi ranar da za ta sauka. Kashi 15 na biranen Amurka ma'auni ne na fara magana. Adadin da ya dace da Nijar sai an zauna da masu dahuwa da ƴan kabu-kabu da masu manhajar, kowa ya baje lissafinsa.

Na uku, a toshe ramukan da aka gani a Shikago da sauran birane. A hana rage ladan mai babur don cike giɓin. A hana tura ƙananan masu dahuwa ƙasan jeri saboda suna biyan la'ada kaɗan. In akwai ƙarin da za a ɗora wa mai saye, a nuna masa tun kafin ya biya. Kuɗin mai dahuwa kuma a sakar mata cikin kwana ɗaya ko biyu, don mai jarin kwana uku ba ta iya jiran ƙarshen wata.

Na huɗu, kuma wannan ba ya bukatar jiran Yamai, shugabannin komin na Junju da Karakara da Zabori, haka ma na Gaya, suna iya tara ƙungiyoyin mata da ƙungiyar ƴan kabu-kabu su daidaita kuɗin aike bisa nisan tafiya. Wahalar mai babur ba ta ƙaruwa da tsadar abinci: kwanon dala 100 da na jika ɗaya nauyinsu ɗaya, man da za su ci ɗaya. Saboda haka adalci shi ne a biya shi kuɗin hanya, kaza cikin gari, kaza zuwa ƙauyen kusa, a bar wa mai dahuwa farashin abincinta. Garin da ya saba da wannan tsari, ran da mai manhaja ya zo zai tarar da farashi sananne a ƙasa, dole ya yi ciniki a kansa.

Na biyar, a ƙidaya masu sayar da abinci na tasha da kasuwa da bakin makaranta, a rubuta sunayensu a komin ba tare da an mai da rajistar tarkon haraji ba. A 2020 taimako ya wuce su don ba wanda ya san adadinsu. Rajistar da aka yi cikin kwanciyar hankali ita ce za ta nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa ran da hanya ta sake rufewa.

Akwai kuma aiki na musamman ga waɗanda suka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci. Mai dahuwar da ba ta iya lissafin kashi cikin 100 ba, an ce mata 30 za ta ji kamar dala 30 ne, sai ƙarshen mako ta ga jari ya ragu ba ta san inda ya bi ba. Wanda ya iya karatu da lissafi ya zauna da uwarsa ko maƙwabciyarsa da ƙaramin littafi, su rubuta abin da aka kashe a kan tukunya, da abin da aka sayar, da abin da ɗan aike ya ɗauka. Mako biyu na irin wannan rubutu ya isa ya nuna mata la'adar da za ta iya ɗauka da wadda za ta karya ta. Littafin nan kuma shi ne hujjar da ƙungiyar mata za ta ɗora bisa tebur ran da aka zauna da hukuma.

Iyakokin yankin Gaya sun rufe sau uku tsakanin 2019 da 2023, ba kuwa wanda ya ba mai tuwo-tuwo sanarwa. Biranen Amurka sun rubuta dokarsu bayan wuta ta kama, suka kwashe shekara biyar suna gyara a kotu da majalisa. Nijar tana da abin da su ba su samu ba, watau lokaci. Ya rage ga ma'aikatar ciniki da shugabannin komin su yi amfani da shi, tun dillalin salula bai kafa rumfarsa a tashar Junju ba.